Ranar da Na Hana a Zuba wa Kawu Mala Ruwa

Diffa, 16 ga Maris, 2009

Zuwa ga Yaya Isma'il,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali a Yamai. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Inna lafiya lau, an gama ɗibar tattasai a bakin kogin Komadugu, har ta ajiye maka naka.

Yaya, zauna da kyau, yau ƙanwarka ce da labari! Bara an kawo mana wata na'ura a biro, wato ofishinmu, mai tayar da zuciyar da ta rikice da bugun lantarki. An koya wa mu uku aiki da ita, aka ce ni sakatariya in riƙa kula da ita. Kowace Litinin sai in duba ko koren haskenta na nan, in duba batir, in taɓa ledar faifan da ake manna wa mutum a ƙirji, don zafin garin nan yana busar da ƙaronsa. Har faɗa na yi da shef, shugabanmu, kafin ya yarda a fitar da ita daga kabad ɗinsa mai makulli a rataye a baranda.

To, ranar Alhamis da hantsi Kawu Mala yana siton biro ana sauke buhuna, sai ya yanke jiki ya faɗi. Kafin in iso da na'urar, Baba Gaji mai gadi ya riga ya sheƙa masa buta guda, ga wani da bokiti, kamar yadda muka saba yi wa wanda ya suma. Na'urar kuwa ba ta shiri da jiƙaƙƙen jiki. Yaya, ni da ba na ɗaga wa babba ido, na daka wa dattawa tsawa na ce kowa ya ajiye ruwa! Muka ja shi zuwa busasshen wuri, ba numfashi. Na yage masa riga, na goge ƙirjin da mayafina, na manna faifan. Na'urar ta yi magana da Faransanci ta ce kada kowa ya taɓa shi, na danna maɓallinta ta ba shi bugun lantarki. Ajimi direba ya shiga danna masa ƙirji, ina ƙirga masa ina kuka. Can sai Kawu ya ja numfashi.

Yana asibiti yanzu, yana shan kunu da kansa. Duk wanda ya je dubiya sai ya ce masa 'yar ƙanwarsa ta yaga masa sabuwar riga. Jiya da na je, hannuna ya riƙe ya ƙi saki har aka kira la'asar. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Don Allah ka leƙa babban ofishinmu ka matsa musu su aiko da sababbin faya-fayai, sau ɗaya ake aiki da su, kuma ba mu da wasu.

Ka gaishe da Anti Zulfa da su Faysal. Inna da Fanna suna gaishe ku, Kawu ma ya ce a gaishe ka da bakinsa.

Taka ƙanwa,
Faridatou