Na Ƙone Gonakin Ɗanjuma

Laraba da dare, damina, 1998

Yau na ci abokina Ɗanjuma a wasan yaƙin nan na kwamfuta. Ya daɗe yana lallasa ni, don ni sai na cika rumbu tukuna, tarbiyyar Baba tun muna garin Mashegu, shi kuwa soja yake tarawa. Kullum sai ya ce, "Malam manomi, yaƙi ake yi, ba girbi ba!"

Na yi ta gwaji har na koyi muguntarsa. Yau ban shuka komai ba, na afka wa gonakinsa na cinna musu wuta. Shagon da muke wasan ya kaure da ihu.

Ni kuwa hayaƙin nake ta gani, irin na shekarar da rumbun Baba ya ƙone. Ga tuwona nan, har ya huce.