Ni Na Riƙe Ka Wanzami Ya Tsaga

Baban Ummi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta takardar nan ba, to amma da wa zan yi maganar?

Mun cire gyaɗar gonar Muchalla, ba laifi. Ƙaninka ke zuwa kasuwar shanu yanzu. Dada, mahaifiyarka, takan dama maka fura kafin ta tuna.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar da aka kwantar da kai a Yola, likita ya kira ni gefe. Ya ce a jikin mutum akwai ƙwayoyi masu tsaro, su ke haɗiye cuta su kashe ta. Amma taka, wadda cizon wani ɗan ƙwaro ya sa maka a fataucin shanu, ko sun haɗiye ta ba ta mutuwa. Zama take a cikinsu, ta hayayyafa har su fashe. Masu tsaronka sun kusa ƙarewa, shi ya sa ɗan tari ya kayar da kai.

Ya tambaye ni yaushe saifarka ta kumbura. Na ce wata ɗaya. Wata biyar ne, Baban Ummi. Kunya ce ta hana ni cewa wanzami muka tsaya wa. Ni na danne kafaɗunka yana tsaga maka ciki, ina cewa ka daure. Ka tuna murnar da muka yi da baƙin jini ya fito? Da mun tafi asibiti tun farko, da kana nan?

Yau sati biyu Ummi na zazzaɓi, gefen cikinta na hagu ya yi tauri. Ban san ko irin naka ne ba. Dada ta aika aka kira wanzamin nan. Ba mugunta ba ce, da shi ta raini 'ya'ya bakwai.

Wasiyyarka ta ƙarshe, kada in saɓa wa Dada. Jiya da hantsi wanzamin yana zaure yana wasa aska, na goya Ummi, ƙafafunta har gwiwata, na bi ta ƙofar baya zuwa asibiti. An ɗebi jini, gobe za a faɗa mana. Tun jiya Dada ba ta amsa gaisuwata.

Na karya wasiyyarka. In an sake kiran wanzamin ma, zan sake karyawa. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Maman Ummi, Lokuwa