Kaset ɗin Kaka Goni

Zuwa ga Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya a duk inda kake. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Ka tuna shekarar da soja suka miƙa mulki? A shekarar ka fara sa wando kamar buhu, kana jin waƙoƙin nan na surutu a kan kiɗa. Ka ce min baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro abin a unguwannin talakawa, ya zaga duniya har ya shigo mana unguwarmu Mandawari. Ni kuwa in yi ta tsokanarka, in ce gambara ce kawai ta sa hular Turawa.

Ranar da za ka ɗauki taka waƙar da Hausa, ni ka aika neman kaset. Ni na buɗe akwatin Baba na ɗauko wanda babu rubutu a jikinsa. Wallahi ban san karatun Kaka Goni ne a ciki ba, muryarsa ɗaya tak da ta rage mana bayan rasuwarsa.

Baba bai dake ka ba. Cewa ya yi, "Ka shafe min ubana. Tashi ka ba ni wuri." Ka kalle ni, ka fita. Ni kuma tsoro ya hana ni cewa ni ce na ɗauko. Yau shekara shida ke nan.

Yanzu samarin unguwar Koki ma suna irin waƙarka, har a rediyo ake sa su. Kullum sai na kasa kunne, ban taɓa jin ka ba.

Yaya, Baba ba lafiya. Ido ya tafi, ko zaure ba ya iya fita. Bara na faɗa masa ni ce na ɗauko kaset ɗin. Sai ya tambaye ni inda kake. Me zan ce masa?

Ashe ba ka shafe karatun duka ba, saura ɗan kaɗan a ƙarshe. Kullum bayan la'asar nakan taso daga gidana a Gwammaja in kunna masa. Ya hana a tura kaset ɗin gaba, wai zaren ya tsufa, zai tsinke. Da biro ma nake mayar da shi baya, a hankali. Haka yake zama fuska a murtuke, yana jin ka tun daga farko har Kaka ya shigo.

Jiya kana gama waƙar, Kaka bai ko fara ba, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Mayar da shi farko."

Na mayar, ina kuka. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Allah ya tsare ka, ya karkato da zuciyarka gida, ya sa ka tarar da shi da rai. Amin.

Ƙanwarka,
Falmata