Ruwan Gonakin Gangare

Zuwa ga Yaya Mohira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya sanyin Mosko? Baba lafiya lau, sai dai gwiwar nan.

Na samu aiki a gida. Wasu 'yan birni sun karɓi fakon bayan ƙauye za su yi filin tseren babura, na ƙwararrun nan masu tashi sama. Ni ke tuƙa katafila. Sati uku ina tara ƙasa, na gina tudun tsalle goma sha ɗaya, kuma ba yabon kai ba, sun yi kyau.

Ruwa ne matsala. Ƙasar sai an jiƙa ta an danne, in ba haka ba ta zame a ƙarƙashin taya. Jiya mai gwada filin ya faɗi ya karya kafaɗa. Oganmu Rustam ya je roƙon Baba. Kin san Baba, shekara talatin da ɗaya yana rabon ruwan garin nan, bai taɓa ba wani awa ɗaya ta wani ba. Ya zuba masa shayi, ya ce, "Satin nan na gonakin gangare ne. Babura su bi layi."

Oga ya dawo yana huci. "Ka ji tsohonka ko? In filin nan bai jiƙu ran Asabar ba, ka ajiye min makulli, kai da mutum sha huɗun da ka kawo."

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Davron

Yaya Mohira,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa wannan ta same ki lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Ran Juma'a, da maza suka shige masallaci, na kai katafila bakin magudanar ruwan gari na yanka gefenta sau uku, don ruwa ya kwarara filin tseren. Niyyata bayan awa biyu in toshe. Ruwan ya ci gaba da cin gefen, sai da aka kwana uku ana gyara. Gonakin gangare suka rasa rabonsu, na gaba kuma sai bayan kwana sha biyu. Kankanar Inna Zebo ta ƙone tas.

Aka taru a majalisar shayi ana neman wanda ya yi. Baba ya riga ya je wurin, ya ga sawun haƙoran katafilar, kuma ya san aikin hannuna. Ya miƙe ya ce, "Ni na ba masu filin tseren izini."

Inna Zebo ta dube shi, ta kira sunansa ta ce, "Ergash, da kai fa muka binne mijina." A nan take suka karɓe makullin ƙofar ruwa daga hannunsa. Ina zaune a wurin, Yaya. Na bar shi ya ɗauki laifina. Na tsani kaina.

An yi tseren ran Lahadi. Minti arba'in. Wanda ya ci ya rungume ni, wai bai taɓa hawa ƙasa mai daɗin wannan ba.

Har yanzu Baba yana tashi da asuba ya sa takalmin ruwa, sannan ya zauna a ƙofar gida. Masu wucewa ba sa yi masa sallama. Jiya na ce masa zan je in faɗi gaskiya. Bai ko kalle ni ba, ya ce, "Zauna. Ni na kusa gama zama da su. Kai ne da sauran shekaru."

Ki kira shi don Allah. Kada ki nuna kin sani.

Naki,
Davron