Zumar Baba da Awon Ƙugu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau, Mama na nan da faɗanta da ka sani, yara kuma sun koma makaranta.

Maganar Baba ce ta zaunar da ni rubutu. Wata uku ke nan likita ta ce hawan jini da sukari da kitsen jini da tumbi sun taru masa, kuma duk zuciyarsa suke hari. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tef ɗin awo da ta zagaya masa a tumbi. Shekara arba'in yana awon ƙugun mutane a shagon ɗinki, bai taɓa auna nasa ba. Ta ɗora shi a kan abincin da suke kira keto: ba shinkafa, ba burodi, ba sukari, sai ƙwai, kifi, nama, ganye da mai. Mama ta ce ba ta taɓa jin an kori kitse da kitse ba, amma dai tana dafawa.

Satin farko ya ji jiki, har jiri ya kama shi a kan keken ɗinki, sai da likita ta rage masa magani. Daga baya hawan jinin ya sauka, ya rage wandunansa biyu da hannunsa yana ta fariya. Sukarin ne kawai ya ƙi. Ranar Talata na kai masa abinci shago, na iske shi da cokali cikin kwalbar zumar da kake aikowa. Ya ce ai zuma ba sukari ba ce, magani ce. Da na matsa, sai ya sunkuyar da kai, ya ce shekara shida rabonsa da kai, ita kaɗai ce ke fitowa daga hannunka ta zo nasa. Yaya, tausayi ya hana ni ƙwacewa.

Don Allah ka daina aiko ta, kuma kada ka nuna daga bakina ka ji. Ka aiko awonka, ka ce riga da wando kake so ya ɗinka maka. Na san zai ajiye cokali ya ɗauki almakashi. Ƙugun kuwa ka auna tsakani da Allah, domin ya ce a hoto ya ga kai ma ka fara ajiye tumbi.

Mama da Goggo suna gaishe ka. Ka gaida mini Anti da 'yan biyu.

Ni ce ƙanwarka,
Auta