Ruwan Tekun Da Na Kawo Tsaraba Ya Karya Mani Hannu

Salamu alaikum 'yan gurup. Admin, a ɓoye sunana. Don girman Allah ku ba ni shawara, da hannun hagu nake rubutun nan, na dama yana ɗaure.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a unguwar Boukoki, 'yar Maraɗi, mijina mutumin Tawa ne, muna da ɗiya ɗaya. Bana aka tura mu formasiyo, wato horon malamai, ƙasar Tunusiya, da aka gama aka kai mu Susa, wani gari na bakin teku. Jama'a, ni da iyakar sanina ruwan kogin Isa daga saman gada, sai ga ruwa ba gaɓa ba iyaka! Na hau tsohuwar ganuwar garin, na shiga kasuwarsu ta cikin lungu, na tsoma ƙafa a teku har zanena ya jiƙe. Shekaru nake gaya wa yara ruwan teku gishiri gare shi, suna kallona kamar mai tatsuniya. Shi ne na cika butalin kwalba da shi, na ɗebo yashi da 'yan ƙwaryar kifi masu kama da wuri, na ce idan an koma lakwal kowane yaro sai ya lasa. Da na dawo gida na tura su ƙarƙashin gado don kada ɗiyata ta sha.

To kun san yadda damina ta yi gardama. Can garinsu mijina gero ya ƙone a tsaye, shanun babansu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Yayarsa ta zo mana kwana biyu, garin shara ta jawo kayan nan. Ko tambayata ba ta yi ba. Mijina ya dawo daga aiki ta tare shi a ƙofa, wai ruwan teku da wuri ƙarƙashin gadon miji aikin boka ne, wai na ɗaure arzikin gidansu.

Wallahi dariya na fara yi, ashe ita ce laifina. Mutumin da ya yi jami'a ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bango, na faɗi ya bi ni da ƙafa, ya ɗauki taɓarya. Na kare fuska da hannu, da kunnena na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya rotsa butalin a ƙasa, ya ja ni a kan fasassun kwalaben, yayar tasa kuwa tana tsaye tana cewa ya ƙara. Ɗiyata na ihu. Maƙwabciyarmu Bazabarma ce ta fasa ƙofa ta kai ni likita.

Ga inda abin ya ƙara lalacewa. Ba a yi mako ba aka sheƙa ruwan sama a garinsu. Yanzu duk danginsa sun ce ai ga shi, an fasa an samu ruwa.

Ina gidan gwaggota a unguwar Goudel. Yayana soja ne, kuma kun san zamanin da muke ciki, in ya ɗauke mutum ba mai tambayarsa ina ya kai shi. Na ce masa daga babur na faɗo. Ya dubi shatar yatsu a wuyana ya ce, "Ƙanwata, babur ba ya shaƙe mutum. Suna kawai nake so."

In na faɗa, na san Yaya, sai dai a tsinci uban ɗiyata a wani hali. In na yi shiru, gwaggo ta fara zancen haƙuri, kuma tsoron gidan mijin nan nake ji har cikin ƙashina. Ina jin haushin mijina kamar in mutu, amma ba na son jininsa a wuyana.

Jiya mijin nawa ya aiko abokinsa biko. Ba wai ya yi nadama ba, a'a. Wai in dawo ɗakina, ya yafe mani.

Shi ne ya yafe mani, jama'a. Yaya zai dawo ran Juma'a jin amsa. In ba shi sunan, ko in sake cewa babur ne?