Sunanka Ya Koma Kan Babangida

Zuwa ga Gwani,

Bayan gaisuwa, da fatan Allah Ya sanyaya makwancinka, ko da yake ban san inda yake ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka.

Gida lafiya. Innarka ta daina tambaya ko an gan ka. Ruwa ya ja baya bana har kawunan itatuwan tsohon garin da tafki ya haɗiye suka fito, na tsaya a bakin tafki nan Wara ina ta dubansu.

Ka san kunya ba ta taɓa barina na kama sunanka ba. Da mutane suka laƙaba maka Gwani, sai na samu abin kira. Ban taɓa gaya maka daɗin da nake ji in na faɗe shi ba.

Bayan tafiyarka na sa aka tambayo mini wani malami a Yelwa asalin kalmar. Ya ce daga Barno ta zo, goni suke cewa, mutumin da ya haddace Alƙur'ani har ba ya bukatar duba takarda. Daga baya aka riƙa kiran duk wanda kansa da jikinsa suka san aiki da ita. Kai ƙasan tafkin nan ka haddace, kowane kututture, kowace katangar da ruwa ya ci. In jirgi ya kife, ka cika ƙirji da numfashi ka nutsa, ka fito wa uwa da gawar ɗanta. Ranar da kai ba ka fito ba, wa zai nutsa ya ɗauko ka?

Ga abin da ya sa na rubuto. Jirgin 'yan kasuwa ya kife, ɗanmu Babangida ya tuɓe riga ya faɗa. Ya daɗe ƙwarai. Da ya fito da mace a kafaɗa, na ji mutanen bakin ruwa sun ɗauka: Gwani! Wallahi sai da na waiga ina nemanka.

Tun ranar haka suke kiransa, shi kuma yana amsawa. Na roƙe shi ya bar nutso, ya yi irin dariyarka. Tsoro nake ji. Kai ka koya masa, ko a jini yake?

Abu ɗaya nake roƙo. In ya nutsa ya iso inda kake, kada ka riƙe shi da hira. Ka koro shi sama.

Ka huta lafiya.

Matarka, da ba ta ga kabarinka ba,
Hassi